Wankin Ƙoda da Tsufa: Zaɓin da Ke Gaban Iyalan Malbaza, Ƙonni da Illela

Daga Malbaza zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 450 a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Tsarnawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Ko mai lafiya ya hau bas da asuba, sai rana ta take zai sauka, jiki duk ya yi tsami. To, a ɗora wannan tafiya a kan dattijo ɗan shekara 70 da ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ke gagararsa in ya kwanta, likita kuma ya ce ƙodojinsa sun daina aiki, sai an riƙa yi masa wanki sau uku a mako. Zuwa da dawowa sau uku ya kai kilomita 2,700 a mako guda. Babu mai iya wannan. Abin da ake yi shi ne a ɗauke tsohon a kai shi birni, a raɓa shi wurin ɗan'uwa ko a kama masa haya, ya bar gona da jikoki da sahun masallacin da ya saba.

Likitocin ƙoda na duniya sun daɗe suna muhawara a kan hanyar wankin da ta fi dacewa da tsoho: a tace jininsa da inji a asibiti, ko a yi masa wankin ta cikin cikinsa a gida. A London ko Hong Kong tambaya ce ta jin daɗin rayuwa. A ƙasar Adar, yankin su Malbaza, Ƙonni da Illela, inda injin yake can wani birni mai nisa, amsar ita ce ke yanke inda mutum zai ƙarasa kwanakinsa, da abin da zai rage wa magadansa.

Abin da ke kai dattijo ga wannan hali ba ɓoyayye ba ne ga ma'aikatan lafiya. Hawan jini ne kan gaba, wanda aka yi shekaru ba a auna ba, sai ciwon suga, sai kumburin furostat da ke toshe wa maza tsofaffi fitsari har ya koma baya ya danne ƙoda. Ga ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da ake saye a tebur ranar kasuwar Badagishiri ko ta Dogarawa, a riƙa sha kullum don gwiwa ta bar mutum ya je gona. Ga jiƙe-jiƙe da sassaƙen da babu wanda ya san adadin abin da ke cikinsu. A wuraren noman rani na Ƙonni da kwarin Majiya kuma, tsargiyar da aka kwasa tun ƙuruciya tana iya barin tabo a hanyar fitsari. Ƙoda ba ta da ƙorafi da wuri. Kafin kumburi da amai da ƙaiƙayi su bayyana, mafi yawan aikinta ya riga ya tafi.

Hanyar da kowa ya sani ita ce ta inji. Ɗakin wanki gadaje ne a jere, kowane da injinsa a gefe. A fara ɗora majinyaci a sikeli don a san ruwan da ya taru a jikinsa tun wankin baya. Ma'aikaciyar jinya ta soka masa allura biyu masu kauri a hannu, ɗaya ta fitar da jini, ɗaya ta mayar. Jinin ya bi siririn tiyo, kusan sulusin lita a kowane minti, ya shiga wata doguwar matata mai ɗauke da dubban zaruruwa masu rami, inda dattin jini da rarar ruwa ke tsallakawa zuwa cikin ruwan wanki. Haka za a yi awa huɗu, mutum na kwance ba ya motsa hannun. Zama ɗaya yana cin kimanin lita 120 na tataccen ruwa, kuma kafin a samu wannan sai an tace wanda ya ninka shi. Sai wutar da ba ta ɗaukewa, sai mai gyaran inji, sai likitan ƙoda. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ajiye injin a ƙaramar likitar ƙauye. A Nijar, sashen da aka daɗe da sani shi ne na asibitin Lamorde da ke Yamai, wanda yanzu ake kira asibitin Amiru Bubakar Diallo, sai kuma na babban asibitin Damagaram.

Abin sha'awa, mutum na farko da injin ya ceta tsohuwa ce. Likitan nan ɗan Holland, Willem Kolff, ya ƙera injinsa a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, majinyatansa na farko duk suka mutu, sai a 1945 wata mata ƴar shekara 67 ta farfaɗo daga dogon suma bayan an yi mata wanki, ta ƙara shekara bakwai a duniya. Sai dai nata ciwon na farat ɗaya ne, irin wanda ƙoda ke tsayawa na ɗan lokaci ta dawo. Wannan bambanci yana da muhimmanci har gobe. Dattijon da kwalara ko zazzaɓi mai tsanani ko toshewar fitsari ta tsayar wa ƙoda, wanki kaɗan ko ma sa robar fitsari kawai na iya tashinsa. Wanda hawan jini ya ci ƙodarsa a hankali cikin shekara ashirin kuwa, in ya fara wanki ya fara ke nan.

A nan ne tsufa ke shigowa. Lafiyayyar ƙoda tana aiki awa 168 a mako, ba dare ba rana. Injin yana ƙoƙarin yin wannan aikin cikin awa 12. Ruwan da ya taru cikin kwana biyu, lita biyu ko uku, dole a janye shi a zama ɗaya. Zuciyar saurayi tana jurewa. Ta tsoho, musamman wadda hawan jini ya riga ya wahalar, sau da yawa ba ta jurewa: jini ya faɗi ana tsakar wanki, ƙafa ta ɗaure, ido ya yi duhu, wani har ya yi amai. Bayan an cire allura, akwai waɗanda sauran yinin a kwance suke ƙarasa shi, washegari su ɗan ji dama, jibi a koma. Tazarar da ke tsakanin zama da zama ma tana da nata haɗarin. Wani bincike da aka yi a kan majinyata sama da 32,000 a Amurka, aka wallafa a 2011, ya nuna mace-mace sun fi yawa a ranar da ta biyo hutun kwana biyu na ƙarshen mako. In haka ne ga mai samun zama uku, sai a ƙiyasta halin wanda ƙarancin inji ko na kuɗi ya mayar da shi zama biyu ko ɗaya, kamar yadda ake gani a cibiyoyi da dama na Afirka ta Yamma.

Sai maganar ƙofar da jini zai bi. Mafi aminci ita ce ƙaramar tiyatar da ake yi a hannu, a haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayarwa, dabarar da likitoci biyu, Brescia da Cimino, suka fito da ita a New York a 1966. Amma haɗin yana buƙatar mako shida zuwa wata uku kafin ya nuna, kuma a jijiyoyin tsoho mai ciwon suga yakan ƙi nuna gaba ɗaya. Tunda yawancin majinyata a makare suke isa asibiti, ba a da lokacin jira, sai a sa musu roba a wuya ko a matsematsi. Roba ce da ta shiga babbar jijiya kai tsaye, kuma in zufa da ƙura suka same ta, ƙwayar cuta ba ta da shamaki tsakaninta da jini.

Wahalar da ba a cika faɗa wa iyali ba ita ce ƙishirwa. Mai wankin inji da fitsarinsa ya ɗauke, abin da ake yarje masa ya sha a yini bai wuce rabin lita da ɗoriya ba, kuma fura da kunu da koko da romo duk ruwa ake lissafa su. A ce wa Ba'adare haka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Dabino, ayaba, dankali da tumatir sai da taka tsantsan saboda sinadarin fotashiyam da ke iya tsayar da zuciya in ya taru. Gishiri, kanwa da dunƙulen miya a rage su ƙwarai. Albasa dai tana cikin abin da aka bar masa, wanda ga mutumin Galmi ba ƙaramin sassauci ba ne.

Ta fuskar kuɗi an samu sauƙi. A watan Agustan 2024 gwamnatin Nijar ta yanke shawarar rage kuɗin magani a asibitocinta da rabi, ta kuma soke jika 150 da mai wankin ƙoda ke biya a farkon shigarsa. Mataki ne mai kyau. Sai dai kuɗin zama a kan inji kashi ɗaya ne na lissafin. Akwai hayar ɗaki a Yamai, kuɗin taksi zuwa asibiti da dawowa, gwaje-gwaje, allurar ƙarin jini, maganin hawan jini, da ɗa ko ƴar da ta bar sana'arta don jinya. Wasu iyalan Ƙonni da Malbaza sukan duba kudu, domin Sakkwato kimanin kilomita 90 ce daga Ƙonni, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen wanki. Amma can biya ake yi, ga iyaka a tsakani. Daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 wannan iyaka a rufe take, kuma mai ciwon ƙoda ba ya iya jiran mako biyu, balle wata bakwai.

Sakamakon irin wannan lissafi ya fito fili a wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2017, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Cikin manyan da suka fara wanki saboda ƙodarsu ta mutu, kashi 84 cikin ɗari sun daina. Ba warkewa suka yi ba. Galibi aljihu ne ya ƙare, bayan an sayar da dabbobi da gona.

Hanya ta biyu ba ta fitar da jini daga jiki ko kaɗan. Akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe hanji da bangon ciki, cike da ƙananan jijiyoyin jini, shi ake mayarwa matata. Likita zai dasa tiyo mai laushi a ƙasan cibiya, irin wanda Henry Tenckhoff ya inganta a 1968. Daga nan aikin ya koma gida. Mai jinya ya rufe ƙofa da taga, ya sa takunkumi, ya wanke hannu da sabulu sosai, ya rataya jakar ruwan wanki mai lita biyu a ƙusa sama da kafaɗar majinyaci, ya ajiye jakar da babu komai a ƙasa. Ya buɗe maƙulli, tsohon ruwan da ya kwana a ciki ya gangaro, kalar fitsari, garau. Ya rufe, ya buɗe na sama, sabo ya shiga. Minti talatin an gama, dattijo ya gyara riga ya fita ƙofar gida. Ruwan zai zauna awa huɗu zuwa shida yana jan datti, a sake. Sau huɗu a yini, kuma ba wuya a daidaita shi da lokutan salla: asuba, azahar, magariba, da lokacin kwanciya. Wannan tsari, wanda Popovich da Moncrief suka ɓullo da shi a jihar Texas a 1976, ba ya buƙatar lantarki. Akwai wani nau'in da inji ke yi da dare mutum na barci, amma shi sai da wutar da za a dogara da ita.

Ga tsoho, amfanin wankin ciki a bayyane yake. Ruwa na fita a hankali cikin yini, don haka jini ba ya faɗuwa farat ɗaya. Babu allura. Ɗan sauran aikin da ƙoda ke yi yana daɗewa bai ɓace ba, wanda ke nufin ana iya sassauta dokar sha da ci. Asibiti kuma sai bayan wata ɗaya ko biyu. A Ingila, binciken da ake kira BOLDE, wanda aka buga a 2010, ya kwatanta mutum 140 masu shekara 65 zuwa sama, rabi a kan inji, rabi a gida. Ingancin rayuwarsu ya zo kusan ɗaya, amma masu yi a gida sun fi ƙarancin jin cewa ciwon ya mamaye musu rayuwa. Wani binciken da ya biyo baya a kan tsofaffi masu rauni, waɗanda wani ke taya su canjin jaka, ya samu cewa sun fi gamsuwa da jinyarsu. Ta wajen tsawon rai kuwa, manyan alƙaluman ƙasashe ba su nuna wata hanya ta yi wa ɗaya fintinkau ba, duk da cewa a wasu ƙasashen tsofaffi masu ciwon suga sun ɗan fi daɗewa a kan inji, ga shi kuma ruwan wankin ciki suga ne a cikinsa.

Babban abokin gabar wankin ciki shi ne ƙwayar cuta. Kuskure ɗaya wajen haɗa tiyo, yatsa ya taɓa bakin, ya isa ya sa tantanin ya kamu. Alamar farko ruwan da ke fita ya gurɓace, sai ciwon ciki da zazzaɓi, kuma dole a fara magani a ranar. Gidan ƙasa, hunturu mai ƙura, ruwan rijiya, kaji a tsakar gida: duk wanda ya san ƙauyukan Illela zai ce ai wannan ba namu ba ne. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta kai yadda ake zato ba. Sudan, mai zafi da ƙura irin na Adar, ta kafa shirin ƙasa na wannan wanki a 2005. Senegal ta fara shi a asibitin Le Dantec na Dakar a 2004. Abin da ake buƙata ɗaki ɗaya ne mai rufuwa, tebur mai gogewa, sabulu, da mutum mai natsuwa da aka koyar da kyau. Faransa tana biyan ma'aikatan jinya su je gida su yi wa tsofaffi canjin jaka. Gidan Bahaushe mai ƴaƴa da surukai da jikoki yana da hannuwan da Faransa ke saye da kuɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne jakar. Lita takwas a yini, lita 240 a wata, jaka 120, nauyin da ya kusa buhu biyar na simintin Malbaza, kowane wata, ga mutum ɗaya. Ruwan daga waje ake shigo da shi, Nijar kuma ba ta da teku, ga hanyar Kwatano da ta toshe a 2023. In jaka ta yanke kwana uku, majinyaci ya shiga haɗari. Shi ya sa a yawancin ƙasashen yankin, har da Nijar da Najeriya, in an ce wankin ƙoda inji ake nufi, alhali a duniya kusan mutum ɗaya cikin goma na masu wanki ta ciki ake yi musu, a Hong Kong ma su ne mafi rinjaye saboda hukuma ta sa shi a gaba tun 1985. Ke nan hanyar da ta fi dacewa da dattijon da ke nesa da birni ita ce wadda iyalinsa ba za su tarar a shirye ba. Wannan giɓi ne na tsari da sayen kaya, hukuma ce kaɗai ke iya cike shi.

Dashen ƙoda ba ya cikin lissafin yawancin tsofaffi. Asibitin Malam Aminu Kano yana yin sa tun 2002, amma tiyatar da magungunan da ake sha har ƙarshen rai sun fi ƙarfin mai shekara 75 da zuciyarsa ta gaji.

Saura zaɓi na uku, wanda ake jin nauyin ambata: a yi jinya ba tare da wanki ba. A ƙofar ofishin likita, maganar da ake yawan ji daga babban ɗa ita ce, "Likita, a yi wa Baba duk abin da ya kamata, ko nawa ne." Magana ce ta ɗa na gari, kuma a ƙarƙashinta akwai tsoron kada gari ya ce an yar da tsoho. Amma ba kowane tsoho wanki ke ƙara wa kwana ba. A 2009 mujallar New England Journal of Medicine ta buga bincike a kan tsofaffi 3,702 da ke gidajen kula da gajiyayyu a Amurka waɗanda aka fara yi wa wanki. Bayan shekara ɗaya, kashi 58 cikin ɗari sun rasu, kashi 13 ne kawai suka riƙe ƙarfin da suke da shi kafin a fara. Wani bincike na Ingila a 2007 a kan waɗanda suka haura 75 ya nuna masu wanki sun fi daɗewa, amma wannan riba tana ɓacewa ga masu tarin cututtuka, musamman ciwon jijiyoyin zuciya. Waɗannan ƙasashe ne da inji ke kusa kuma ba a fasa zama.

Jinya ba wanki ba ta nufin a naɗe hannu. Akwai maganin fitar da ruwa don kumburi ya sauka, maganin hawan jini, na ƙarin jini, na ƙaiƙayi da tashin zuciya, da gyaran abinci. Tsohon da ƙodarsa ke raguwa a hankali yana iya yin watanni da yawa a haka, wani ya haura shekara, a ɗakinsa, cikin mutanensa. Likitan kirki zai juya ga mai ciwon kansa ya tambaye shi, "Baba, ku me kuka fi so?" Amsar takan bambanta. Dattijo ɗan 66 mai ƙarfi, da ke da ɗa a Yamai da zuciya lafiyayya, inji na iya ba shi shekaru masu amfani, kuma hana shi saboda furfura zalunci ne. Ɗan 82 da shanyewar ɓarin jiki ta riga ta kwantar, ɗauke shi zuwa birni na iya zama ƙarin azaba da sunan gata.

Duk wannan zaɓi yana yiwuwa ne in an gano ciwon da wuri. Haɗin jijiya na son watanni, koyon canjin jaka na son makonni, shawarar iyali na son natsuwa, kuma babu ɗaya da ke samuwa in an shigo da mutum a sume. Gaggawar fara wankin ma ba ta da amfani: binciken da aka yi a kan mutum 828 a Ostireliya da New Zealand, aka buga a 2010, bai ga wata riba ba ga waɗanda aka fara wa tun alamu ba su matsa ba. Abin da ke da amfani shi ne awon hawan jini, gwajin fitsari, da gwajin jini na kiriyatinin, waɗanda ba sa buƙatar tafiya Yamai. Asibitin Galmi, da ke aiki tun 1950, yana nan kusa da Malbaza, ga asibitocin gundumomi, ga babban asibitin jiha a Tawa.

Duk mai tsoho a gida da ke da hawan jini ko ciwon suga, ko wanda fitsari ke yi wa gardama, ya kai shi a duba ƙodarsa ko sau ɗaya a shekara, ya kuma raba shi da ƙwayoyin tebur. In likita ya ambaci wanki, a tambaye shi ko ciwon mai dawowa ne ko na dindindin, ko zuciyar za ta ɗauki inji, zama nawa za a samu a mako ba fashi, da abin da za a yi in iyali suka zaɓi gida. A yi wannan magana tsohon yana zaune a wurin, tun yana iya faɗar ra'ayinsa da bakinsa.